Makullin Wayar da Ka Saya Yana Hannun Wa?

Kwanakin baya wani kawuna, dattijon da ya ba shekara sittin baya, ya miƙo mini wayarsa ya ce in sa masa wata manhaja da aka ce sai da ita za a tantance shi kafin a ci gaba da biyansa haƙƙinsa na ritaya. Wayar irin ƙananan nan ce masu araha, gilashinta ya tsage ta gefe, kuma da na danna alamar saukewa sai ta amsa da cewa babu sauran wuri. Muka zauna a kan tabarma muna bin hotuna da bidiyo ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓar abin da zai iya rabuwa da shi, har muka iso kan bidiyon sunan jikarsa, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce a goge, ai uwar yarinyar tana da shi a tata wayar. Da manhajar ta sauka muka buɗe ta, abin da muka tarar a ciki bai wuce fom mai gurabe kaɗan ba: suna, lambar ma'aikaci, ranar haihuwa, sai wurin ɗaukar hoto. Wannan aiki ne da shafin yanar gizo zai yi cikin minti biyu ba tare da an goge ko hoto ɗaya ba.

Tun daga ranar nake juya wannan batu a raina, domin hanyoyi biyu ne manhaja take bi ta isa hannun mutum, kuma zaɓin da ake yi tsakaninsu ba ƙaramin abu ba ne. Hanya ta farko ita ce kantin manhaja, wato App Store na kamfanin Apple da Play Store na Google, inda mai ƙirƙira yake miƙa aikinsa a duba, a amince ko a ƙi, sannan a jera shi a kan kanta. Ta biyu ita ce yanar gizo, inda kowa zai iya ɗora aikinsa a kan adireshi, duk wanda ya samu adireshin ya buɗe da kowace irin waya ko kwamfuta. Ra'ayina shi ne kantunan ba za su mutu ba, kuma ba na ma fatan su mutu, amma kuskure ne babba al'umma ta bari su zama ƙofa ɗaya tilo, domin duk ƙofar da babu ta biyu, mai gadinta ya zama sarki.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne wayar iPhone ta fito ne a 2007 babu kantin manhaja a cikinta. A watan Yunin wannan shekara Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya tsaya gaban masu ƙirƙirar manhajoji ya gaya musu cewa duk mai son ya yi wa wayar wani abu, ya gina shi a yanar gizo, a riƙa buɗe shi da burauzar Safari. Masu sauraron ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujja, saboda burauzar wancan lokaci ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da manhajar da aka dasa a cikin waya. Shekara guda bayan haka, a Yulin 2008, aka buɗe App Store da manhajoji kusan 500, Google kuma ya biyo baya a watan Oktoba da Android Market, wanda aka sauya wa suna zuwa Google Play a 2012. Ita kuwa yanar gizo ta riga su da nisa, kuma asalinta daban ne ƙwarai: Tim Berners-Lee ya tsara ta a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeneba a 1989, kuma a Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar ga duniya kyauta, babu lasisi, babu kuɗin shiga. Ɗaya an haife ta a matsayin titin jama'a, ɗayan kuma a matsayin kasuwa mai katanga da mai ita.

Dole a yi wa kantunan adalci. Duk wanda ya yi amfani da kwamfuta kafin zuwansu ya san wahalar neman manhaja a faifan da aka kwafa daga wani faifan, da fargabar da take zuwa wa mutum duk lokacin da aka soka masa filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu na unguwa. Kantin ya zo da wuri ɗaya da ake nema, da hanya ɗaya ta biyan kuɗi, da sabuntawa ba tare da wahala ba, da kuma wani mai alhaki da za a iya kai wa ƙara. Mun ga amfanin wannan a Najeriya lokacin da manhajojin ba da rance suka addabi jama'a, suna kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, suna aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci idan ya makara da biya. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta shiga maganar a 2022, kuma a 2023 Google ya kafa ƙa'idar da ta hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin waya da hotunan mutane. Ƙa'ida ɗaya daga wuri ɗaya ta rage ɓarnar da da a warwatse take da an sha wuya kafin a shawo kanta. Sai dai kada a manta cewa waɗannan manhajoji a cikin kantin suka yi shekaru suna cin karensu babu babbaka, da tambarin amincewa a goshinsu. Mai gadin yana da amfani, amma ba kullum idonsa yake biyu ba.

Maganar da ta fi cika kafafen labarai ita ce ta la'ada. Tun farko kamfanonin biyu sun ɗora kashi 30 cikin ɗari a kan duk abin da aka saya a cikin manhaja in dai ba abin da ake taɓawa da hannu ba ne, wato kamar kuɗin rajistar wata-wata, ko littafin da ake karantawa a waya, ko kayan cikin wasa. Wanda ya sayar da takalmi ko ya ɗauki fasinja ba a karɓar wannan kaso a hannunsa. Ko a kasuwar shanu, dillalin da ya ce sai an ba shi kusan sulusin kuɗin sa, a ranar zai bar kasuwar, amma shi wannan dillali shi ne kuma mai filin, shi ne sarkin kasuwa, shi ne mai yanke hukunci idan rigima ta tashi. A Agustan 2020 kamfanin Epic Games ya sa tasa hanyar biyan kuɗi a cikin wasan Fortnite da gangan, kantunan biyu suka cire wasan a rana guda, shi kuma ya garzaya kotu da takardun da ya riga ya shirya. A 2021 kamfanonin suka rage la'adar zuwa kashi 15 ga ƙananan masu ƙirƙira, Apple ga waɗanda cinikinsu bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, Google kuma a kan miliyan ɗin farko na kowa. Ba na tsammanin tausayi ne ya kawo wannan rangwame a daidai lokacin da shari'a take gaban alƙali.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda mai riƙe da ƙofa yake iya mayar da umarnin hukuma wasan yara. A ƙarar da Epic ya shigar, alƙaliya Yvonne Gonzalez Rogers ta Kalifoniya ta umarci Apple a 2021 da ya bar masu manhaja su nuna wa mai saye cewa akwai wata hanyar biya a waje. Kamfanin ya bi umarnin a takarda, sannan ya ɗora la'adar kashi 27 a kan cinikin da aka yi ta wannan hanya ta waje, wanda idan aka haɗa da kuɗin da masu sarrafa katin banki suke cira, babu abin da ya ragu. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai a Afrilun 2025 alƙaliyar ta yanke cewa da gangan aka saɓa wa umarninta. A ɓangaren Google kuwa, masu taimaka wa alƙali a San Faransisko sun yanke a Disambar 2023 cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa doka ba. A Tarayyar Turai, dokar kasuwannin dijital ta tilasta wa Apple ya bar wasu kantuna su shiga iPhone daga Maris na 2024, shi kuma ya fito da sabon caji na rabin Yuro a kan kowace saukewa da ta haura miliyan ɗaya a shekara ga wanda ya zaɓi sabon tsarin. Tarayyar ta ci tarar kamfanin Yuro biliyan 1.8 a 2024 kan ƙorafin Spotify, kamfanin sauraron waƙoƙi, ta ƙara da Yuro miliyan 500 a 2025. Koriya ta Kudu ta yi tata dokar tun 2021, Japan ta yi tata a 2024.

Duk da haka, a ganina rigimar la'ada faɗan manya ce, tsakanin attajirin da yake karɓa da attajirin da ba ya son ya bayar. Abin da ya fi shafar talaka shi ne ikon cirewa. A 2017 Apple ya janye manhajojin VPN, waɗanda ake zagaye toshewar intanet da su, daga kantinsa na Sin bisa buƙatar gwamnatin ƙasar. A Satumbar 2021, a ranar da aka fara zaɓen majalisar dokokin Rasha, Apple da Google suka cire manhajar magoya bayan ɗan adawa Alexei Navalny da take nuna wa masu zaɓe wanda za su jefa wa ƙuri'a. Wata guda bayan haka aka cire Quran Majeed, ɗaya daga cikin manhajojin Alƙur'ani da aka fi amfani da su a duniya, daga kantin Apple na Sin. Amsar kamfanonin a irin wannan hali ba ta canzawa: dole su bi dokar ƙasar da suke kasuwanci a cikinta. Gaskiya ne, kuma a nan matsalar take. Idan ƙofa ɗaya ce, gwamnati ba ta buƙatar ta bi miliyoyin mutane gida-gida, wasiƙa ɗaya zuwa ofishi ɗaya ta wadatar.

Za a ce ai yanar gizon ma ana toshe ta, kuma ba sai an je Sin neman misali ba, domin gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ta hanyar umartar kamfanonin sadarwa. Amma duk wanda yake nan a lokacin ya ga yadda mutane suka riƙa zagayawa ta bayan gida da VPN, har da waɗanda ba su taɓa jin sunan abin ba kafin wannan mako. Toshe adireshi kamar datse hanya ne, mai tafiya zai nemi wata. Cire manhaja daga kanti a wayar da ba ta yarda a sa mata komai daga waje ba kuwa rushe gidan ne gaba ɗaya. Kuma a lura, shi kansa VPN ɗin da aka tsira da shi daga kantin aka sauke shi.

A ƙasar Hausa wannan takura ba ta cika bayyana ba, saboda yawancin wayoyin da ke hannun mutane Android ne, musamman Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, kuma Android tun asali tana barin mutum ya sa manhaja daga inda ya ga dama. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga yaron da yake zaune da kwamfuta ko wata tsohuwar waya, kana sayen sabuwa ya ce maka, "Yallaɓai, a zuba maka kaya?" Cikin minti goma ya tura maka WhatsApp da Facebook da manhajar Alƙur'ani da ta lokutan salla ta Xender, ba ka ƙona ko megabait ɗaya na datarka ba. Wannan ma hanyar rarraba manhaja ce, wadda tsadar data ta haifa, kuma tana da haɗarinta tunda ba ka san abin da aka cusa a cikin abin da aka tura maka ba. To ita ma wannan taga ana shirin rage faɗinta. A Agustan 2025 Google ya sanar da cewa wayoyin Android masu ɗauke da hidimominsa za su riƙa neman manhajar da mai ita ya yi rajista da kamfanin ya nuna shaidar ko shi wane ne, ko da ba ta kantin aka sauke ta ba, inda aka tsara farawa da Burazil da Indunusiya da Singafo da Tailan a Satumbar 2026 kafin a faɗaɗa zuwa sauran duniya. Bayan suka ta yi yawa, kamfanin ya ce zai bar wata hanya ga waɗanda suka san abin da suke yi. Hujjar da aka bayar ita ce yaƙi da 'yan damfara, kuma ba hujjar banza ba ce, amma sakamakon shi ne kamfani ɗaya a Amurka zai riƙe rajistar masu ƙirƙirar manhajar da akasarin mutanen duniya za su iya sa wa wayar da suka saya da guminsu.

A duba kuma abin ta fuskar matashin da ya koyi rubuta manhaja a Zariya ko Damagaram. Kafin aikinsa ya shiga kantin Apple sai ya biya dala 99 duk shekara, kuma kayan aikin kamfanin a kwamfutar Mac suke gudana. Na Google ya fi sauƙi, dala 25 sau ɗaya, amma tun ƙarshen 2023 aka shar'anta wa sabon mai asusu na ƙashin kai ya tara masu gwaji su riƙe manhajar mako biyu kafin a bar shi ya fitar da ita, da farko mutum 20, daga baya aka rage zuwa 12. Ga kuma shekarun da yawancin bankunan Najeriya suka dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙetare, wanda ya sa dala 25 ɗin ma sai an nemi ɗan'uwa a waje ko katin dala. Shafin yanar gizo kuwa, in ya gama rubutawa da daddare, kafin asuba ya tura adireshin a zauren WhatsApp an fara amfani da shi, kuma idan ya gano kuskure ya gyara nan take ba tare da jiran izinin kowa ba.

To me ya hana yanar gizo yin rinjaye, in har tana da wannan falala? Wani ɓangaren gazawarta ce ta gaskiya. A 2012 Mark Zuckerberg ya amsa a bainar jama'a cewa babban kuskuren Facebook shi ne dogaro da fasahar yanar gizo fiye da kima wajen gina manhajarsa ta waya, saboda nauyi da jinkiri. Har yau manyan wasanni da aikin tace bidiyo da duk abin da yake buƙatar shiga can cikin injin waya sun fi kyau a manhajar da aka dasa. Amma tazarar ta ragu sosai. Tun wajen 2015 aka samu hanyar da shafi zai zauna a fuskar waya da tambarinsa, ya buɗe ko babu sabis, ya aiko da sanarwa, kuma Twitter Lite da aka fitar a 2017 domin ƙasashe masu tsadar data ya nuna cewa abin yana yiwuwa. Ɗayan ɓangaren kuma ɗaure ta aka yi. Shekara da shekaru Apple bai yarda wata burauza ta shiga iPhone da injinta ba, ko Chrome ne ko Firefox, a ƙarƙashi injin Safari ne yake aiki, saboda haka abin da Safari ba ta iya ba, babu mai iya shi. Aika sanarwa daga shafin yanar gizo ya samu a Android tun 2015, amma bai iso iPhone ba sai Maris na 2023. A Fabrairun 2024 kamfanin ya ma sanar da cewa zai kashe irin waɗannan manhajoji na yanar gizo a Tarayyar Turai, sai da aka yi masa ca ya janye cikin 'yan makonni. Da wuya a yarda cewa mai kantin da yake cin la'ada zai yi gaggawar gyara titin da yake bi ta bayan kantinsa.

Ba kuma zan ce yanar gizo aljanna ba ce. Shafuka da yawa sun cika da talla har ba a ganin rubutu, adireshin bogi na tallafin gwamnati da ɗaukar aiki yana yawo a wayoyin iyayenmu kullum, kuma burauzar Chrome ta mamaye fagen har burauzojin Edge da Opera ma a kan injinta aka gina su, wato Google ɗin da ake gudu a kanti shi ake tararwa a titi. Akwai kuma hanya ta uku da take tasowa, ta manhajar da take haɗiye wasu manhajoji a cikinta, kamar yadda WeChat ta fara a Sin a 2017, kamar kuma yadda muka gani a Telegram a 2024 lokacin da matasa da ma wasu dattawa suka duƙufa danna fuskar waya a wasan Hamster Kombat suna jiran arziki. Waɗannan ƙananan manhajoji da fasahar yanar gizo aka gina su, amma a cikin shingen wani suke zaune. An gudu ba a tsira ba.

Abin da nake hange shi ne kantunan za su ci gaba da zama, la'adarsu za ta riƙa zaizayewa, kuma 'yancin mai waya zai bambanta gwargwadon ƙarfin gwamnatin ƙasarsa, ta yadda iPhone ɗin da ke Faransa za ta iya abin da irinta da ke Yamai ba za ta iya ba. Ƙasashenmu ba su cikin wannan ciniki, kodayake tarar dala miliyan 220 da FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, a 2024 ta nuna cewa ba hannu rabbana muke ba idan an so. Amma akwai abin da ba ya buƙatar jiran kotun Kalifoniya ko majalisar Turai. Duk hidimar da ta zama dole a kan ɗan ƙasa, ko tantance masu fansho ce, ko biyan haraji, ko duba sakamakon jarrabawa, ya kamata doka ta ce sai tana da shafin yanar gizo mara nauyi da zai buɗe a ƙaramar itel a ƙauyen da sabis yake sanda ɗaya, manhaja kuma ta zama ƙari ga mai so. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki irin wannan matsayi tun 2013, ta ce wa ma'aikatunta su gyara shafukansu tukuna kafin su yi zancen manhaja, kuma sai a 2025 ta fitar da manhajar GOV.UK ta gama-gari. Ba daidai ba ne a ce sai ɗan ƙasa ya buɗe asusu da wani kamfanin ƙetare, ya amince da sharuɗɗan da bai iya karantawa ba, kafin ya karɓi haƙƙinsa daga gwamnatinsa.

Haka nan ga masu sana'ar rubutu da karatu. Marubutan littattafan Hausa, musamman mata, sun daɗe da ƙirƙiro tasu kasuwar ba tare da kowane kanti ba: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki, ya aiko da shaidar biya, a sa shi a zauren WhatsApp ko Telegram na waɗanda suka biya. Babu mai cire musu kashi 30, kuma wannan dabara ce abar yabo. Rauninta shi ne zauren ba nasu ba ne, ranar da aka rufe lambar marubuciya, masu karatun da ta yi shekaru tana tarawa sun watse, ba ta da inda za ta ce su same ta. Adireshi na ƙashin kai mai ƙarewa da .ng, wanda ake sabunta rajistarsa shekara-shekara da naira, haɗe da hanyar karɓar kuɗi irin ta Paystack ko Flutterwave, zai ba ta wurin da za ta ci gaba da tallata littafinta a WhatsApp ɗin da Facebook, amma ta riƙa karɓar baƙinta a gidan da sunanta yake a kan takardarsa.